Allon Da Ba Ya Wankuwa

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu malaman jami'a mun daɗe muna kukan cewa ɗaliban zamani ba su da sha'awar ilimi, maki kurum suke nema. Malami zai tsaya gaban aji yana warware wani baiti mai zurfi, sai ya ga hannu a sama, ya yi murna yana zaton an zo da tambaya mai ma'ana, sai ya ji an ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Idan ya ce ba zai fito ba, nan take alƙaluma za su kwanta, idanu su koma kan taga. Ni ma na yi shekaru a sahun gaba na masu wannan kuka. To amma a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in sauko daga tudun nan nawa in dube shi da kyau, domin na gano akwai hannuna dumu-dumu cikin abin da nake zargin ɗalibai da shi. Wani ɗalibina ne ya nuna mini haka ba tare da ya sani ba. Ba zan ambaci sunansa ba, tun da ban nemi izininsa ba.

Abin ya faru ne a shekarata ta uku da fara koyarwa, lokacin ina matashin malami mai ji da kansa, ina ganin duk sashen nan babu wanda ya kai ni riƙon ƙa'ida. An ba ni kwas ɗin Adabin Baka na 'yan aji biyu. Kamar yadda mai karatu ya sani, jami'armu tana nesa da cibiyar ƙasar Hausa, saboda haka ajinmu kullum a gauraye yake. Akwai waɗanda suka taso daga Arewa da Hausarsu ta gado, akwai 'ya'yan zango da aka haifa a unguwannin Hausawa na garuruwan Kudu, akwai kuma waɗanda a kasuwa ko a bariki suka tsinci harshen. Na ba su jinga mai maki 20, na ce kowa ya samo waƙar baka ta mata guda ɗaya ya yi nazarin jigonta da salonta cikin shafi biyar. Na kuma tsara rabon makin tun kafin takardu su zo: gabatarwa 2, jigo 6, salo 6, ƙa'idojin rubutu 4, manazarta 2.

Yawancinsu ɗakin karatu suka nufa, suka kwafo waƙoƙin gaɗa uku ko huɗu da kowa ya sani. Shi kuwa wannan yaro, ɗan zango daga ƙasar goro, shafi goma sha huɗu ya kawo, rubutun hannu, a matse. Ashe gida ya tafi da kuɗin aljihunsa, ya zauna kwana uku wurin kakarsa ta wajen uba. Ita tsohuwar an auro ta ne daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara tun tana yarinya, aka kai ta Ƙauran Namoda a kan jaki, daga can jirgin ƙasa ya gangaro da ita Kudu, kuma a duk rayuwarta sau biyu kacal ta sake ganin gida. Waƙoƙi goma sha ɗaya ya rubuto daga bakinta, na niƙa da na daka da na daɓe da na renon yara. A ƙarƙashin kowace waƙa ya faɗi wadda ta koya wa tsohuwar, da wurin da take tsayawa ta yi shiru, da kalmomin da ta ƙi fassara masa tana cewa ba na yara ba ne. Akwai wata waƙar niƙa da ita da kanta ta ƙaga, wadda ta bi tashoshin jirgi ɗaya bayan ɗaya tun daga Ƙaura, a kowace tasha tana faɗin abin da ta baro a baya. Ban taɓa cin karo da irinta a wani littafi ba, kafin nan ko bayan nan.

Sai dai kuma aikin cike yake da irin aibin da jan biro ke so. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya, ya haɗe kalmomin da ake rabawa ya raba waɗanda ake haɗewa, ga kalmomin Yarabanci nan da can, jigo sau ɗaya ya ambace shi, balle a yi zancen manazarta. Na karanta sau biyu tsikar jikina tana tashi. A karo na uku na ɗauko takardar rabon maki na bi ta layi-layi kamar mai awo a kasuwa: gabatarwa 2, jigo 3, salo 1, ƙa'idojin rubutu 1, manazarta babu. Jimla 7. Na rubuta bakwai ɗin a saman shafin farko, na zagaye ta da jan biro. Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na juya bayan shafin ƙarshe na cika shi da sharhi. Na gaya masa tun da na fara koyarwa ba a taɓa kawo mini kaya masu daraja irin waɗannan ba. Na ce ya nemi rikoda ya koma ya ɗauki muryar tsohuwar tun tana raye, domin aikin nan zai iya zama kundin digirinsa har ma ya wuce nan. Na ce ya same ni a ofis mu gyara rubutun tare. Na kwanta a daren nan ina ganin na haɗa adalci da tausayi.

Ranar da na raba takardu idona yana kansa. Ya karɓa, ya dubi shafin farko, ya ninke takardar gida huɗu ya tura aljihu. Na jira shi a ofis mako guda, na jira mako biyu, bai zo ba, ni kuma girman kai ya hana ni aikawa a kira shi. Da jinga ta biyu ta zo, sai ya kawo shafi biyar cif, da gabatarwa da kammalawa, kusan kowace jimla daga laccata aka ɗebo ta. Takardar rabon maki ta ba shi 16. Har na rubuta masa a gefe, "Madalla, an sami ci gaba." Ya ci kwas ɗin, ya rubuta kundinsa a kan wani littafi da mutum ashirin suka riga shi nazari, ya gama digirinsa lami lafiya ya tafi. Ni kuwa na manta da shi.

Bayan shekara takwas, ina dawowa daga wani taron ƙara wa juna sani, motarmu ta tsaya a wata tasha a Kudu domin a yi salla a ci abinci. Sai ga wani magidanci ya baro inda ake lodin huhunan goro, ya zo ya rusuna gabana.

"Allah gafarta Malam, ba ka gane ni ba?"

Na dube shi da kyau, sai fuskar ta dawo mini. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce 'ya'ya biyu, kuma shi ke riƙe da harkar mahaifinsa yanzu. Ya rantse sai ya biya kuɗin abincina. Muna zaune a kan benci na ce masa, "Ina tsohuwa mai waƙoƙi?"

"Ai tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya, Malam. Bana shekara huɗu."

Na yi mata addu'a, sannan na ce, "To, ka dai ɗauki muryarta kamar yadda na ce?"

Ya yi shiru yana dubana. "Yaushe ka ce, Allah gafarta Malam?"

"A bayan takardarka mana. Shafi guda na rubuta maka."

Ya yi 'yar dariyar jin kunya, ya sunkuyar da kai. "Wallahi Malam ban karanta ba. Na ga jan rubutu ya cika bayan, na ɗauka faɗa ne. Tun da na ga bakwai na san na yi shirme. Da na koma gida hutu tsohuwa ta ce ta tuno wasu waƙoƙin, in kawo takarda, na ce mata ta bari, ba irinsu ake so a makaranta ba."

Na tambaye shi takardar, ya ce ta daɗe da ɓacewa wajen tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Yaron mota ya ƙwala kiran fasinja, muka yi sallama. Daga tashar nan har gida ban ce wa kowa uffan ba.

A cikin motar ne na tuna makarantar allon unguwarmu, inda na fara karatu tun ban kai shekara biyar ba. A can yaro zai rubuta allonsa, malam ya duba, in akwai kuskure ya goge wurin ya gyara, sannan ya biya masa. Yaro ya koma gefe ya yi ta maimaitawa. Idan ya iya, malam ya ce ya je ya wanke a yi masa ƙari. Idan bai iya ba, ya ce ya koma ya sake. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce babu tsoro a wurin ba, domin akwai dorina, kuma na san yaran da duka ya kore su daga karatu har abada. Amma akwai abu guda da tsarin nan ya gane, wato allo wankuwa yake yi. Tuntuɓen da yaro ya yi jiya ba ya bin sa zuwa gobe. Wani ya sauke a shekara biyar, wani a shekara goma, ranar sauka kuwa kowa allon zayyana yake riƙewa, babu mai tambayar sau nawa aka ce masa ya koma ya sake. Haka abin yake a maƙera da masaƙa: ɗan koyo ya kawo aiki, maigida ya juya shi a hannu ya nuna masa inda ya karkace, ya ce a sake.

Da na shiga boko sai na tarar da wani allo daban. Ranar ba da hutu ana jera mu a fili, hedimasta ya kira na ɗaya da na biyu da na uku a tafa musu, na ƙarshe kuma yara su raka shi gida da ihu. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, tambaya ɗaya yake yi mini in na dawo: "Na nawa ka zo?" Zangon da na zo na huɗu, kwana uku katin sakamakona yana ƙarƙashin tabarma. Tun daga lokacin na koyi wata dabara da ta raka ni har jami'a, wato in guje wa duk tambayar da zan iya yin kuskure a cikinta, komai daɗinta, in zaɓi wadda na haddace. Na koyi karanta malami kafin in karanta littafi, in gane abin da yake so in mayar masa da kayansa. Da wannan dabara na fita da sakamako mai kyau, da ita aka ɗauke ni aiki. Ashe ita ce kuma na koya wa ɗan zangon nan cikin jinga biyu kacal, da 7 da 16. Bai yi wauta ba, ya fahimci darasin sarai.

Bari mu dubi lissafin da ɗalibanmu ke rayuwa a cikinsa. A yawancin jami'o'in ƙasar nan, maki 70 zuwa sama shi ne A, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce. Ana juya haruffan nan zuwa lambobi, A ta zama 5, faɗuwa ta zama sifili, a tara a raba a fitar da matsakaici, wanda ke bin ɗalibi zango bayan zango. Mai 4.50 zuwa sama ya fita da daraja ta ɗaya, mai 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, mai 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. A tsarin da muke bi, sifilin da yaro ya samu a zangonsa na farko, lokacin yana fama da neman makwanci da zazzaɓin baƙunta, yana nan cikin lissafi har ranar yaye shi, ko da ya maimaita kwas ɗin ya ci da kyau. Wannan shi ne allon da ba ya wankuwa. Wanda ya san abin da ya rubuta ba zai gogu ba, yaya za a yi ya yi kasadar rubuta sabon abu?

Kada mu manta kuma da yadda da yawa daga cikinsu suka iso gare mu. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, lamba ce ke buɗe ƙofar jami'a. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ɗalibanmu karatun lauya suka nema ko na aikin jarida, makinsu bai kai ba aka turo su Hausa. Wato tun kafin su zauna a ajinmu lamba ta riga ta gaya musu cewa su ragowa ne. Shi kuma gwajin cikin zango, wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa domin kada a rataya makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya, mun mayar da shi ƙananan jarrabawa barkatai, tsoron da ake ji sau ɗaya ya koma sau huɗu. Saboda haka ɗalibin da ya ɗaga hannu ya tambaya ko abu zai fito a jarrabawa, rawar kiɗanmu yake takawa.

Daga baya na bincika ko wasu sun lura da abin da na gani, sai na tarar masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna shi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun gwada yaran wata makarantar reno a Amurka masu son zane don kansu. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, da aka bar su daga baya da zaɓinsu, sai aka ga sun rage kusantar zanen ƙwarai bisa ga sauran yaran. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin lada. A 1988 kuma wata masaniya mai suna Ruth Butler ta buga sakamakon gwajin da ta yi a Isra'ila da yara 132 'yan aji biyar da aji shida. An ba su ayyuka, aka mayar wa kashi na farko takardunsu da sharhi kaɗai, kashi na biyu da maki kaɗai, kashi na uku da maki tare da sharhi. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kashi na uku, domin aikinsu bai fi na masu maki kaɗai ba, sai ka ce ba a rubuta musu komai ba. Lambar ta haɗiye sharhin. Da na karanta wannan, sai na sake ganin takarda ana ninke ta gida huɗu.

Ga kuma wata tambaya da ta shafe mu malaman adabi kai tsaye: shin mudun namu ma daidai yake? Tun a 1912 Daniel Starch da Edward Elliott suka aika kwafin takardun amsa guda biyu na darasin Ingilishi zuwa makarantun sakandare a Amurka, malamai 142 suka duba. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 har zuwa 98, ɗayar daga 50 zuwa 97. Wane ne a cikinmu zai iya rantsewa cewa nazarin da ya ba 69 bai cancanci 70 ba? Ni dai na san takarda ta biyar da ta ɗari da hamsin ba ido ɗaya ke duba su ba, musamman in an ɗauke wuta ana aiki da fitilar waya. Amma wannan maki guda yana iya zama bambancin 3.49 da 3.50, wanda zai bi mutum har tsufansa.

Duk da haka ba zan ce a soke maki ba, kuma wata ɗaliba ce ta hana ni faɗin haka. Shekarar da na fara mayar da jinga babu lamba a kai, ta same ni a ofis ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sharhinka yana da amfani, amma ba ya bin mu wurin neman aiki. Can daraja ta biyu babba suke tambaya. Mahaifiyata ƙosai take sayarwa tana biya mini kuɗin makaranta, ina bukatar in san inda na tsaya." Ban sami amsar da zan ba ta nan take ba, domin gaskiya ta faɗa. Ronald Dore ya bayyana wannan hali tun 1976 a littafinsa The Diploma Disease, wato cutar neman takardar shaida, inda ya nuna cewa a ƙasashen da takarda ce mabuɗin ɗan aikin albashin da ke akwai, makaranta kan koma wurin tace mutane, karatu ya koma shirin jarrabawa. Malami ɗaya ba zai warkar da wannan cuta daga ofishinsa ba. Haka nan maki mai tsari kariya ne ga ɗan talaka. Inda babu ma'auni a rubuce, sanayya da son rai ne ke yanke hukunci, kuma wanda aka zalunta ba shi da abin da zai riƙe ya kai kuka.

Tarihin adabinmu ma ya nuna cewa gasa da lada suna da ranarsu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Amma a lura da abin da ya biyo baya. East bai sallami Abubakar Imam daga ranar da aka gama gasa ba. A 1936 aka kawo shi Zariya suka yi aiki tare, ana rubutu ana dubawa ana gyarawa, har Magana Jari Ce ta samu. Abin da ban yi wa ɗalibina ba ke nan. Na yanke hukunci a shafin farko, na ɓoye gayyata a shafin ƙarshe, na zauna a ofis ina jiran yaro ɗan shekara ashirin ya tsallake kunyarsa ya zo.

Ga abin da nake yi yanzu, ko wani zai amfana. Idan aka kawo jinga nakan mayar da ita da sharhi kaɗai: abu guda da ya yi kyau, in faɗe shi dalla-dalla, da abu biyu da za a gyara. Ɗalibi yana da mako guda ya wanke allonsa ya sake rubutawa, kuma na biyun nan shi nake ba maki, shi ke shiga rajista. Wanda yake son sanin inda ya tsaya, kamar ɗalibar nan, ya zo ofis in gaya masa baki da baki bayan mun karanta sharhin tare. A rabon maki na keɓe kaso ga abin da ɗalibi ya kawo wanda ban koya masa ba. Idan kuma na ga aiki mai daraja cikin rubutu mai rauni, ba na jira, da kaina nake tsayar da mai shi a bakin aji.

Ba zan ce an ga abin al'ajabi ba. Aikin dubawa ya ninka, kuma a ajin da ya haura mutum ɗari abin ba ya yiwuwa sai an rage yawan jinga. Akwai masu mayar mini da takarda yadda na ba su, ko waƙafi ba su taɓa ba. Jarrabawar ƙarshen zango tana nan da lambobinta, Majalisar Dattawan Jami'a kuwa ba ta karɓar sharhi. Amma na ga sauyi a irin maganar da ake kawo mini ofis. A da roƙon maki biyu ake zuwa yi, yanzu akan sami mai zuwa ya yi gardama da ni a kan ma'anar wani baiti, wani lokaci ma ya kayar da ni. Muhimmancin wannan ya ƙaru, domin tun daga ƙarshen 2022 manhajojin da ke rubuta wa mutum jinga cikin ɗan lokaci suka shigo wayoyin ɗalibai. Wanda maki kaɗai yake nema ya sami gajeriyar hanya, amma waƙar da ke bakin kakar mutum sai an je an durƙusa gabanta.

Hujjata ta ƙarshe ita ce mujallar nan da ke hannun mai karatu. Ba a ba kowa maki a kanta, ba ta ƙara wa kowa ko ɗigo a matsakaicinsa. Amma kowace shekara waƙoƙi da gajerun labarai suna fin ƙarfin shafukanta, kuma masu kawo su su ne dai ɗaliban da muke cewa ba sa son karatu. Na ga wanda ke zama a bayan aji yana hamma ya sake rubuta waƙarsa sau biyar, don kawai edita ya ce karinta ya karye a baiti na uku. Ke nan sha'awar tana nan da ranta, a ajinmu ne take ɓuya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, kafin mu zagaye lamba da jan biro mu tambayi kanmu abin da za ta koya wa mai takardar, domin ita ma malama ce, kuma ta fi mu murya. Ku kuma ɗalibai, ku nemi makinku, haƙƙinku ne, babu mai ganin laifinku. Amma in an miƙo muku takarda ku juya bayanta ku karanta, in ba ku gane ba ku ƙwanƙwasa ƙofa. Lambar da ke saman shafi hukunci ce a kan aikin mako guda, daga hannun mutum mai gajiya mai kuskure.

Har yanzu ina koyar da Adabin Baka, kuma kowace shekara ina ba da jingar nan ta waƙar mata. Sai dai yanzu kafin in ce komai a kan jigo da salo, nakan ce duk mai tsohuwa a gida ya tafi da wayarsa ya ɗauki muryarta tukuna, rubutu ya biyo baya, za mu gyara shi tare. Daga waƙar niƙan nan ta tashoshin jirgi kuwa, abin da na san ya rage shi ne ɗan abin da na riƙe daga karatu uku na dare ɗaya. Na sha zama in gwada rubuta shi, amma da na kai tasha ta huɗu sai in kakare. Allah Ya ji ƙan tsohuwa, mu kuma Ya yafe mana.